Inda Ayu Yake Tsaron Wasiƙu

A farkon watan Disamba na 2023 mu biyu, maigida da uwargida, muka kai ziyara wurin ɗiyarmu wadda take aikin nas a birnin Mayami, cikin Jihar Filorida ta ƙasar Amurka. Da muka huce gajiya, sai surukinmu ya ce, "Baba, Mama, ku shirya. Jibi zan kai ku inda mota take tafiya a bisa teku." Muka ɗauka wasa yake yi. Ashe gani ya kori ji.

Kudu da Mayami akwai waɗansu ƙananan tsibirai a jere, sun miƙe cikin teku kamar wutsiyar ƙadangare. Mutanen wurin suna kiran kowannensu Key, kalmar da ta samo asali daga bakin Sifaniyawa, ma'anarta ɗan tsibiri. Hanya ɗaya tak ce ta haɗa su, tsawonta mil 113, da gadoji 42. Ɗaya daga cikin gadojin nan ta kusa mil 7, an kuwa buɗe ta a 1982. In kana bisanta, ruwa dama, ruwa hagu, ba ka ganin ƙasa sai can nesa. Uwargida ta runtse ido, ta riƙe kujera gam, har muka haye.

A gefen hanyar, kowane mil akwai ɗan allo kore mai lamba. Lambar tana ta raguwa har ta kai sifiri a garin Key West, inda hanya ta ƙare. Da wannan lamba ake kwatance. In ka tambayi mutum inda gidansa yake, sai ya ce maka mil kaza, hannun Tekun Atalantika ko ɗaya hannun. Mun ga abubuwa da yawa a kwana huɗun da muka yi, amma abin da muka dawo da shi a baki shi ne akwatunan wasiƙa, da gidajen da suke tsaye a bayansu.

Wane ne wannan a ƙofar gida?

A tsibirin farko, Key Largo, muka ratse daga babbar hanya muka shiga unguwa domin neman wurin cin abinci. Sai jikanmu, yaro ɗan shekara bakwai, ya buga tagar mota ya ce, "Kaka, duba!" A bakin titi ga wani abu tsaye, tsawonsa ya kai kafaɗar mutum, toka-toka, mai ƙiba, da faffaɗan hanci. Ya rungume akwati a ƙirjinsa. A kansa kuma an sa masa jar hula ta Kirsimeti.

Uwargida ta kama baki ta ce, "Gunki ne suke ajiyewa a ƙofar gida?" Surukinmu ya yi dariya har ya tsai da mota. Maigida kuwa, wanda ya yi koyarwa a Numan, a bakin Kogin Binuwai, tun yana saurayi, ya ƙura wa abin ido ya ce, "Ai wannan ayu ne!"

Ayu ne kuwa, na siminti. Ayun Filorida ɗan'uwan namu ne na Binuwai da Kwara, sai dai shi a ruwan bakin teku da bakin koguna yake zama. Babba yakan kai tsawon ƙafa 10, nauyinsa wajen laba 1,000. Ciyawar ruwa yake ci, ba ya faɗa, ba ya sauri. Saboda rashin saurin nan farfelar jiragen ruwa takan yanke shi, har da wuya ka ga babban ayu wanda ba shi da tabo a baya. Doka ta hana a dame shi, ko a ba shi abinci, ko a ba shi ruwan famfo, don kada ya saba da zuwa inda jirage suke. Tun 1975 Jihar Filorida ta ɗauke shi alamarta cikin dabbobin teku. Mutanen tsibiran nan suna ƙaunarsa ƙwarai, shi ya sa suka ba shi aikin gadin wasiƙunsu.

Ba a barinsa tsirara. An gaya mana kowane lokaci da irin tufarsa. In bikin 'yancin ƙasarsu ya zo a watan Yuli, sai a ba shi tuta. In damina ta yi, wani yakan sa masa rigar ruwa. Mu dai mun same su da huluna da mayafai da ƙananan fitilu na Kirsimeti. Wani an rataya masa tabarau, wata an shafa mata jan baki an sa mata sarƙar furanni. Nan da nan jika da kakansa suka shiga gasa, kowa yana ƙirga na gefen tagarsa. Uwargida ta goyi bayan yaron, ta ce ita ba za ta bar angonta ya sha kaye a hannun tsoho ba.

Yadda akwatin yake aiki

Mu da muka saba da akwatin gidan waya, inda mutum yake zuwa da ɗan makullinsa, ko kuwa a rubuto masa ta hannun makaranta ko ofis, sai da aka yi mana bayani kafin mu gane. A can, a unguwanni irin waɗannan, kowane gida yana da akwatinsa a bakin titi, mai gidan ne kuma yake saye ya kafa. Kwana shida a mako, ban da Lahadi, motar gidan waya takan bi titi-titi. A Amurka sitiyarin mota a hagu yake, amma na wannan mota a dama aka sa shi, domin mai raba wasiƙu ya miƙa hannu ta taga ya sa wasiƙa ba tare da ya sauka ba.

Saboda haka akwai ƙa'ida. Tilas akwatin ya kasance tsakanin inci 41 da inci 45 daga ƙasan titi, a kuma ja shi baya inci 6 zuwa 8 daga bakin titin. A rubuta lambar gida a jikinsa. A gefensa akwai 'yar tuta, yawanci ja. In kana da wasiƙar aikawa, sai ka manna kan sarki, ka sa ta a ciki, ka ɗaga tutar. Mai raba wasiƙu ya gani, ya tsaya, ya ɗauka, ya kwantar da tutar. Akwati ɗaya ke nan yana aikin karɓa da na aikawa.

Wannan tsari ya daɗe. A 1896 gwamnatinsu ta fara kai wa mutanen ƙauye wasiƙu har ƙofar gona. Da fari manoma suka riƙa kafa abin da suka samu, gwangwanin mai, kwalin taba, tsohon bokiti. Ruwa ya jiƙa wasiƙu, bakin gwangwani ya yanki hannun ma'aikata. A 1915 wani injiniyan gidan waya mai suna Roy Joroleman ya zana akwatin ƙarfe mai lanƙwasasshen baya, don ruwan sama da ƙanƙara su zame, da ƙofa a gaba da tuta a gefe. Wannan siffa ce har yanzu ayu yake rungume da ita.

Ko da yake da kuɗinka ka saye shi, cikin akwatin ba naka kaɗai ba ne. Tun 1934 doka ta hana kowa ya jefa takarda a ciki in ba a biya mata kuɗin kan sarki ba. Satar wasiƙa daga ciki, ko fasa shi, laifi ne da gwamnatin tarayya take hukuntawa, har da ɗauri. Yawancinsu ba su da kwaɗo, ga shi kuwa ta nan takardun banki suke zuwa, da na haraji, da magungunan tsofaffi. Amma in ka kiyaye tsawo da nisa da ƙofa, abin da ya rage naka ne. Wanda yake so ya ƙera nasa da hannunsa, sai ya nuna wa shugaban gidan waya na garin ya amince. Ta wannan 'yar kafa ce mutanen bakin teku suka shigo da wasansu.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Ayu ne sarki, amma ba shi kaɗai ba ne. Mun ga ƙaton kifi ya wage baki, ƙofar akwatin ita ce leɓensa na ƙasa. Mun ga kwasakwasa, tsuntsun nan mai jaka a maƙogwaro, yana tsaye a kan gungume. Mun ga kififiya, da doguwar hasumiya mai fitila irin wadda take nuna wa jirage hanya da dare. Wani ya cire injin kwale-kwalensa da ya mutu, ya kwashe kayan ciki, ya mai da ƙoƙon akwati. Wani kuwa ya gina ɗan ƙaramin gida sak irin nasa, da fenti iri ɗaya, da baranda, har da ƙafafu.

Da muka yi ta kallo, sai muka lura akwatin yakan faɗi wani abu game da mai shi. Na masunci daban, na mai nitso daban, na tsohon da ya bar garinsu mai sanyi ya zo hutawa daban. Akwai kuma dalili na amfani. Iskar teku gishiri gare ta, akwatin ƙarfe na kanti ba ya daɗewa sai tsatsa ta cinye shi. Na siminti kuwa ba ruwansa da tsatsa, nauyinsa kuma yana taimakonsa gaban iska. Har wa yau, a titin da gidaje suka yi kama da juna, ya fi sauƙi ka ce wa baƙo, "In ka ga kifi mai jan baki, gida na gaba."

Gidaje masu ƙafafu

Gidan da surukinmu ya yi mana haya yana tsibirin Cudjoe, wajen mil 23. Da muka iso sai muka ga gida a sama, a kan ginshiƙan kankare, kamar yadda muke ɗora rumbu a kan duwatsu saboda gara da danshi. Ƙarƙashinsa fili ne, nan ake ajiye mota da kwale-kwale da kayan su. Matakala goma sha bakwai muka hau kafin mu kai ƙofar falo. Maigida ya tsaya a tsakiya yana haki, jikansa yana sama yana masa tsiya. A bayan gidan akwai hanyar ruwa wadda aka haƙa, kowane gida da jirginsa a ɗaure kamar yadda muke ɗaure jaki. Yawancin hanyoyin ruwan nan a shekarun 1950 da 1960 aka haƙa su, da abin da aka tono kuma aka cike filayen da aka yi gini.

Me ya sa gida zai hau sama haka? Ƙasar wurin ba ta da tudu. Dutsen farar ƙasa ne, wani sashe kuma tsohon murjani ne da ya daskare. Yawancinta ƙafa kaɗan ta ɗara teku, wuri mafi tsawo bai kai ƙafa 20 ba. Daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba lokacin guguwar teku ne. Wannan guguwa ba irin tamu ta rani ba ce mai kwasar ƙura da ganye. Faɗinta yakan kai ɗaruruwan mil, iskarta kuma tana tura teku gaba har ya hau ƙasa. Iska takan kware rufi, amma ruwan nan shi ne ya fi kisa.

Sun koyi wannan da hawaye. A 1912 wani attajiri, Henry Flagler, ya kai hanyar jirgin ƙasa har Key West a kan gadoji. Ran 2 ga Satumba 1935 guguwa ta auka wa tsibiran da suke kewayen Islamorada, ruwa ya tashi wajen ƙafa 18. Jirgin da aka aika ya kwaso mutane, ruwa ya ture taragunsa daga kan dogo. Mutum fiye da 400 suka mutu, da yawansu tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne da aka kawo aikin hanya. Ba a sake gyara dogon ba. A kan gadojinsa aka shimfiɗa hanyar mota wadda aka buɗe a 1938. Mun tsaya a wurin tunawa da su a Islamorada, inda aka ajiye tokar gawawwaki wajen 300.

A 1968 gwamnatin tarayya ta kafa inshorar ambaliya, ta kuma ɗora sharaɗi a kan garuruwan da suke so su shiga. Tun daga tsakiyar shekarun 1970, sabon gida a tsibiran nan tilas daɓensa ya ɗara inda aka lissafta ruwa zai iya kaiwa. Ba a yarda a yi ɗakin kwana a ƙasa ba. In ka kewaye ƙasan da bango, sai ka bar kafofi, ko kuwa ka yi bangon da zai ɓalle da kansa in ruwa ya buge shi, ya bar ginshiƙai tsaye. Hikimar ita ce a ba ruwa hanya ya wuce. Rufin kwano ne, an ɗaure shi da ƙarafa har zuwa tushe. Kowace taga da murfinta na ƙarfe, ko gilashin da ba ya tarwatsewa. Rigakafi ya fi magani.

Da yamma muna zaune a baranda, sai uwargida ta leƙa ƙasa ta ce, "Maigida, ka ga kowa ya gudu sama, an bar ayu shi kaɗai a ƙasa." Gaskiyarta. Gida ya hau, gado ya hau, tukunya ta hau, amma akwatin wasiƙa ba shi da izinin wuce inci 45. Shi ne abin da ruwa yake fara tararwa. Shi ne kuma suka fi yi wa ado.

Tsohon gari

Kashegari muka tafi Key West, ƙarshen hanya, inda ƙasar Kuba take nisan mil 90 kawai a ƙetaren ruwa. A nan ne tsofaffin gidaje suke, na katako, waɗanda massassaƙan jiragen ruwa suka gina tun ƙarni na 19. Su ma ba su zauna a ƙasa ba, an ɗora su a kan duwatsu domin iska da ruwa su bi ta ƙarƙashi. Suna da baranda mai faɗi, da tagogi masu murfin katako, waɗansu kuma da 'yar ƙofa a rufi irin ta jirgin ruwa, wadda ake buɗewa zafi ya fita. Akwai waɗanda rufinsu ya sauko ya yi wa tagogin bene inuwa, mutanen garin suna ce musu gidaje masu gira.

An nuna mana gidaje biyu waɗanda a tsibiran Bahamas aka fara gina su. A 1847 masu su suka kwance su, suka ɗoro a jirgin ruwa, suka sake haɗa su a nan. Ka ji masu ƙaura da gidansu. Bayan babbar gobarar 1886 aka koma rufin ƙarfe. A da, kowane gida da tankinsa na tara ruwan sama daga indararo, gama wurin ba shi da kogi. Sai a 1942 aka jawo ruwan sha da bututu daga babban yankin ƙasa, tafiyar mil 130, har yau kuwa daga can yake zuwa. Kaji suna yawo a titi ba mai su, ba mai taɓa su. Uwargida ta ce da a garinmu ne, da tuni an san inda dare ya yi musu.

Akwai waɗansu ƙananan gidaje, ɗaki bayan ɗaki a miƙe, waɗanda aka gina wa ma'aikatan naɗin taba da suka zo daga Kuba. Gidajen talakawa ne a zamaninsu. A lokacin ziyararmu, irinsu sau da yawa kuɗinsa yakan wuce dala miliyan ɗaya. Maigida ya tambaya, "To, wanda ya dafa abincin da muka ci, da wadda take wanke zannuwan otal, ina suke kwana?" Surukinmu ya ce, "Baba, gobe za ku gani." Ya nuna mana jiragen ruwa da suke tsaye nesa da gaɓa, ya ce a cikin waɗancan waɗansu ma'aikata suke zama, su shigo gari da ɗan kwale-kwale da safe. Su ba su da titi, balle akwati a bakin titi. Gidan waya suke zuwa karɓar wasiƙa, kamar mu.

Akwati ba gida

A rana ta uku muka je tsibirin Big Pine. An san shi da waɗansu ƙananan bareyi, tsawonsu bai fi na babban akuya ba, waɗanda ba a samunsu ko'ina a duniya sai a waɗannan tsibirai. Sun kusa ƙarewa kafin a keɓe musu wuri a 1957. Suna yawo tsakanin gidaje, har muka ga ɗaya tana sunsunar gindin wani akwati.

A wannan tsibiri ma'aikata da yawa suke zama a da, cikin gidajen tirela, wato dogayen gidaje marasa nauyi da ake jawowa da mota a ajiye a ƙasa. Su ne masu araha. Ran 10 ga Satumba 2017 guguwar da aka sa wa suna Irma ta sauka a Cudjoe, inda muka kwana, da iska mai gudun mil 130 a awa. Big Pine yana kusa, ya kuwa sha wuya ƙwarai. A tsibiran duka, gidaje fiye da 4,000 suka rushe ko suka lalace ƙwarai. Sababbin gidaje masu ƙafafu yawancinsu sun tsaya. Na ƙasa ne ruwa ya ci.

A wani titi muka ga sababbin gidaje dogaye, a tsakaninsu kuwa ga fili ba kome sai daɓen siminti da matakala uku waɗanda ba su kai ko'ina ba. A bakin titi ga akwati, ƙoƙon injin kwale-kwale, da sabon fenti shuɗi da lamba fara. Wata dattijuwa tana cire ciyawa a gindinsa, ɗanta yana jiranta a mota. Muka gaishe ta, ta amsa da fara'a. Da ta ji daga inda muka zo, sai hira ta ɓarke tsakaninta da uwargida.

Ta gaya mana shekara ashirin da wani abu ta yi a wannan fili. Mijinta masunci ne, shi ya ƙera akwatin, ya kuwa rasu kafin guguwar. Da aka ce kowa ya fita, ta fita da jaka biyu. Da ta dawo, ba ta sami gida ba. Akwatin kuma ta tsince shi can cikin itatuwan bakin ruwa, cike da laka, ta wanke ta sake kafawa. In za ta yi gini yanzu, doka ta ce sai mai ƙafafu, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin mai aikin wanki a otal. Ta koma zama wurin ɗanta a babban yankin ƙasa. Kullum da asuba takan shiga bas daga Florida City zuwa wurin aikinta a garin Marathon, tafiyar wajen awa biyu, ta koma da dare. Ta ce bas ɗin cike yake da irinta.

Uwargida ta tambaye ta ko wasiƙa tana zuwa nan har yanzu. Ta ce a'a, an daɗe da mai da adireshinta can. Wasiƙun da suke bin ta yanzu na masu son sayen filin ne. Ba ta sayar ba tukuna, ba ta kuma san ko za ta iya riƙewa ba, gama haraji ba ya jira. Amma kowace shekara kafin Kirsimeti takan zo ta yi wa akwatin fenti, don maƙwabta su san mai wurin tana nan da rai.

Ba mu da abin da za mu ce mata. Dokar ƙafafu ba mugunta ba ce, ta ceci rayuka. Haka kuma dokar 1992 wadda ta taƙaita yawan sababbin gidajen da ake yarda a gina kowace shekara. Dalilinta shi ne hanya ɗaya ce, tilas kuma mazauna, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun kai wajen 83,000, su iya ficewa cikin kamar kwana ɗaya in guguwa ta doso. Amma in gida ya yi kaɗan, ga masu kuɗi daga ko'ina suna so, ka san wanda za a ture. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwargida ta riƙe hannun matar ta yi mata fatan alheri, muka rabu. A mota ba wanda ya yi magana, har jikanmu ya daina ƙirga.

Mun ɗaga tuta

Akwai wata damuwa kuma wadda ba ta zuwa da ƙara. A Key West ana auna tsawon teku tun 1913, ma'aunin ya nuna ruwa ya ƙaru kusan inci 10 cikin shekara ɗari. Inci 10 ba kome ba ne ga mai zama a kan tudu. A nan kuwa, in teku ya cika a watannin Satumba zuwa Nuwamba, ruwan gishiri yakan fito kan titi rana tsaka, ba hadari ba iska. A 2019 wata unguwa a Key Largo mai suna Stillwright Point ta yi wajen wata uku titunanta suna cikin ruwa. Gida yana iya hawa ƙafafu, amma titin da motar wasiƙa za ta bi, ɗaga shi sai da kuɗi mai yawan gaske.

Duk da haka ba mu ga mutanen suna zaman makoki ba. Sun san abin da yake gabansu, sun ɗaure rufinsu, sun tanadi murafun tagoginsu, sa'an nan suka fito suka sa wa ayu hula. Mun tafi muna yi musu dariya, muka dawo muna ganin girmansu.

A safiyar da za mu tashi, maigida ya zauna ya rubuta wa ƙanensa wasiƙa da biro, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Ɗiyarmu ta ba mu ambulan da kan sarki na dala ɗaya da rabi. Jikanmu ya ruga ƙasa, ya buɗe akwatin da yake ƙirjin ayun gidan, ya sa wasiƙar, ya ɗaga jar tuta. Muka tsaya a baranda muna jira kamar masu jiran baƙo. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga farar mota. Wata mace ta miƙo hannu ta taga, ta ɗauki wasiƙar, ta kwantar da tutar, ta ɗaga mana hannu, ta wuce gida na gaba.

Gasar ƙirga kuwa, yaron ne ya ci, ayu 31 da 24. Maigida ya ce an yi masa maguɗi, gama gefen tagarsa teku ya fi yawa. Wasiƙar kuma mun riga ta isowa gida. Ranar da ta zo, ƙanen maigida ya kawo ta da kansa, muka buɗe muka karanta tare. A bayan ambulan ɗin ga zanen da jikanmu ya yi ba mu sani ba: gida a kan dogayen ƙafafu, da ayu a ƙofa yana riƙe da akwati.

Mu kwana nan. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.